Sakatar Baba

Ranar da wani kafinta ya kai 'yarsa jami'a, bai kalli gado ko taga ba, ƙofar ɗakinta ya tsura wa ido. Ita kaɗai ce mace a ajin injiniyoyi, kuma tun daga bakin titi yake ganin samari ko'ina.

Ya zaro sakata da sukundireba daga aljihu.

"Baba, da ka kawo Yaya ba ka zo da wannan ba."

"Yayanki namiji ne, uwata. Riƙe min ƙusoshin."

Yana ta murɗa ƙusoshin, gumi na ɗiga, har ya ɗaure ta ƙarshe.

Ta dubi aikin, ta dube shi. "Baba, ta waje ka sa. Kulle ni za ka yi?"

Shekara da shekaru yana kafa ƙofofi, bai taɓa irin wannan kuskuren ba. Ya kwance, ya mayar ciki.

Ta shiga, ta tura ƙofar. Yana tsaye a baranda ya ji ƙarfen ya shige. Shi ne namiji na farko da sakatar ta tare.