Takardar Ƙosai

A tashar Dogon Dutsi aka ƙunso mini ƙosai a cikinta, takarda ce da aka yago daga wani littafin Faransanci. Mai ya jiƙa gefenta, amma hoton na nan sarai: wani rami mai duhu, mutane tsirara a cunkushe suna miƙa hannuwa, wasu masu fukafukai suna tsikarinsu da masu. Kalma ɗaya na iya karantawa a ƙasa da ɗan karatuna na lakwal, makarantar boko. Wutar lahira ce.

A satin ne yayana, wanda bai daɗe da fara bin wa'azi ba, ya ce kakarmu can za ta, tunda ta ƙi barin bori.

Na same ta bayan la'asar a gindin rumbu tana ɓarar wake. Na miƙa mata takardar ina kuka.

"Kaka, nan aka ce za ki."

Ta goge hannu a zane, ta kai takardar daf da ido, ta daɗe tana bin fuskokin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta shafa tsagar Arawa da ta taso daga bakinta har kunne.

"Maigida, duba da kyau. Ka ga mai tsagarmu cikinsu?"

Na duba. Babu ko ɗaya.

"To, share hawayenka. Wagga ta mutanen garinsu ta. Ina ƙosan?"

Na yi dariya, muka cinye tare.

Sai da na girma, ina roƙa mata gafara bayan salla, na tuna irin daɗewar da yatsan nan ya yi a kan fuskokin. Ashe ba don ni kaɗai ta duba ba.