Innata Ba Ta Fashin Salla

"Ku kashe salular nan," in ji Barira. "Wannan ba fim ba ne, cin naman mutane ne."

Matan gidan Mala a Dungas ko ɗagowa ba su yi ba. A fim ɗin, budurwa ce aka haifa ba mahaifa, ba ta taɓa ganin al'ada ba. 'Yan fim marasa tsoron Allah suka mai da halittar Ubangiji auren aljani.

"Yaya aka gano ta?" in ji Zahara'u, facalar Barira.

"Ba ta fashin salla," wata ta amsa.

Hanifa, 'yar Barira ɗaya tilo, ta tuntsire da dariya. "Ƙaryar banza! Ai Innata ma tun tasowata ban ga ta yi fashi ba, azuminta ko ɗaya ba ta sha. Ibada ce kawai."

Magana zarar bunu ce. Ludayi ya tsaya a hannun Barira.

Zahara'u ta daɗe tana duban fuskar yarinyar, sannan ta juyo a hankali.

"Yaya Barira, tuna mini. Da kuka dawo ci-rani da jaririya a goye, wace ungozoma kika ce ta yanke mata cibiya?"