A-kori-kurar Barau Ta Daina Jira

Tun da aka kafa dokar jira, kowace mota sai ta ƙirga goma kafin ta tashi daga tsaye. Barau mai dakon tumatir ya gaji da isa kasuwa bayan dillalai sun watse, sai ya kai a-kori-kurarsa wurin wani Ilu, mai gyaran wutar mota a bayan tasha, don ya cire mata jiran.

"Malam Barau, sai yanzu?" in ji Ilu. "Tun jiya nake zuba ido."

Barau ya tsuke fuska. Bai taɓa ganin mutumin nan ba, kuma ko matarsa bai gaya wa zai zo ba.

"Wa ya ce maka ina tafe?"

"Kai dai buɗe gaban."

Ilu ya cusa wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar gyaɗa cikin wayoyi, ya rufe.

A danjar farko, wuta na yin kore motar ta zabura. Barau ya tuntsire da dariya, sai kuma ya dubi ƙasa. Ƙafarsa tana kan birki. Ya murɗa sitiyari dama, hanyar kasuwa. Motar ta yi hagu, ta bi sahun wasu a-kori-kura uku da su ma suka zabura ba jira.