Kafin Ramukan Su Rufe

Ƙaurin fata bai gama fita daga ɗakin ba lokacin da likitar ta kashe na'urar leza. A wuyan matar da ke kwance, inda tsohon tabon ƙuna ya yi tudu, hasken ya huda ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Ta nan maganin shafawa zai ratsa har ciki, maimakon ya tsaya a sama yana maiƙo kamar yadda ya saba.

Ta shafa maganin, ta rufe da bandeji. "Ban da wannan, kada komai ya taɓa wurin. Fatar a buɗe take yanzu, duk abin da ya hau kanta shigewa zai yi."

Matar ta gyaɗa kai. Da ta miƙe, jiri ya ɗebe ta, sai da ta dafa bango. Mijinta yana tsaye can bakin ƙofa, hannuwansa cikin aljihu. Ko taku ɗaya bai yi ba.

Likitar ta lura da hakan.

A baranda ya tare ta, matar ta tafi karɓar magani. Bai matso ba, amma wani wari mai hawa kai ya iso gare ta daga rigarsa.

"Likita, ramukan nan, yaushe za su rufe?"

"'Yan kwanaki. Ya danganta da jiki."

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "To idan guba ta taɓa wurin fa? 'Yar kaɗan, kamar wadda ta rage a yatsa. Za ta kai jini?"

"Tana iya kaiwa."

"Za a gane da wuri?"

"Malam, me ya sa kake tambaya?"

Ya sunkuyar da kai. Kafin ya buɗe baki, nas ta leƙo ta ce marar lafiya na gaba ya shirya. Da likitar ta juyo, har ya kai matakala.

Ta koma ɗaki, ta sa safar hannu, ta cire. Ta tuna lokacin da ta tambayi asalin ƙunar, matar ta ce man girki ne, ta faɗa a hankali tana kallon ƙasa. Ta tuna bai zauna kusa da ita ba ko a ɗakin jira.

Ta ɗaga labule. Ga shi can a filin ajiye motoci, ya durƙusa gefen babur yana cusa wata jarka cikin buhu. Ko daga sama ana ganin hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa a jikinta. Ga matar kuma ta nufi wajen, riƙe da ledar magani, tana tafiya a hankali.

Likitar ba ta jira lif ba. Ta sauka a guje, takalminta ɗaya ya kusa fita, maigadi ya bi ta da ido. A bakin get ta damƙe hannun matar.

"'Yar'uwa, kada ki bi shi gida. Don Allah. Akwai inda za ki je?"

Babur ya tashi a bayansu. Mijin ya wuce su a hankali, ya ɗaga hannu daga nesa, ya hau titi shi kaɗai.

Matar ta bi shi da kallo har ya sha kwana, idonta ya ciko.

"Ai ko na roƙe shi ba zai ɗauke ni ba, Likita. Gidan yayata ya ce in tafi. Feshin maganin ƙwari yake yi a ɗakunan ajiyar kaya, kuma ya rantse ko ya wanke hannu sau ɗari, ba zai taɓa ni ba sai ranar da kika ce ramukan sun rufe."