Mata Biyu a Dajin Kaɗanya

Kai Hashimu, ba ka ji kunyar wannan tambaya ba? Kai da ka gama boko har aka damƙa maka 'ya'yan mutane a sakandare kana koya musu tarihi, don wani yaro da ko gemu bai fara ba ya ce maka labarin matattu ba ya sa mutum ya zama likita, shi ne ka dawo gida jiki a sanyaye, ka bar tuwo yana hucewa, kana tambayata wai ko ka nemi a canja maka darasi. Ni kakarka da ban taɓa riƙe alli ba, ni ce zan ba ka amsa? To gyara zama, ragon maigida, sau ɗaya zan faɗa.

A garinmu, wani farkon damina, wasu mata biyu maƙwabta suka yi sammako tsintar kaɗanya. A shekarar ta kusa da gari ba ta yi 'ya'ya ba, sai suka nausa dajin da ba su saba shiga ba. Ka san mai tsintar kaɗanya kanta a ƙasa yake, daga gindin wannan sai gindin waccan. Ɗayar mai zafin nama ce, hannunta kamar bakin kaza a kan tsaba, ba ta ɗaga kai. Ɗayar kuwa duk inda hanya ta rabu sai ta tsaya, ta juya, ta ƙare wa inda suka fito kallo. Ta ga surin da suka wuce, ta gaba a mulmule yake, ta baya a tsage. Ta ga marken da tsawa ta ƙone wa gefe ɗaya, wanda mai shiga daji ba ya ganin ƙunar, sai mai fitowa. Mai zafin naman ta yi ta dariya, ta ce, "Maƙwabciya, wa kika baro a gida ne haka? Ai kaɗanyar tana gaba." Ita dai ta ci gaba da waiwayenta. Kafin rana ta yi tsaka waccan ta yi mata nisa, ƙwarya ta cika har ta kwance ɗankwali ta ƙara ƙunshi.

Sai hadari ya taso daga gabas, rana ta ɓace. Mai waiwaye ta yi ta kira har murya ta dishe, ba amsa, ta ɗauki ƙwaryarta da ko rabi ba ta wuce ba ta juya. Hanya kamar ta gidan ubanta, ga marke da ƙunarsa, ga suri da tsagarsa. Kafin yayyafi ta shiga gida, har ta kwashe shanya. Waccan kuwa da ta ɗago kai ta juya, sai ta ga dajin da ba ta taɓa gani ba, alhali yanzu ta ratso shi. Kowace kaɗanya kamar 'yar'uwarta. Ta yi nan ta yi can, ruwa ya sauko ya jiƙa ta sharkaf, ta zame a laka, ƙwarya ta fashe, ƙunshi ya bi ruwa. Can da la'asar sakaliya ta jiyo ana daka, ta bi sautin da murna, ta faɗa wani ƙauye. Ashe garin surukanta ne. Wanda ta fara cin karo da shi a bakin zaure kuwa uban mijinta, ita ga ta kai ba ɗankwali, zani ya manne, hannu ko ƙwallo ɗaya babu. Aka kawo mata tuwo da miyar kuka, man shanu na ta ƙamshi, yunwa na cin ta, kunyar surukai ta hana ta sa hannu. Haka ta kwana tana sauraron kukan cikinta. Da safe aka ɗora ta a jaki aka maido ta, mata na leƙenta ta kan danga. Har ta tsufa, in an tafi daji ita ce mai tsayar da mutane a mararraba.

To ka ji. Yaron naka gaba yake kallo, ba laifi, ya je ya zama likitansa, Allah ya taimaka. Amma akwai ranar da hadari zai rufe masa rana ya juya neman inda ya fito. Aikinka ke nan, ka tsayar da su ka juyar musu da kai, ko suna so ko suna dariya. Ba wani darasi da za a canja maka, gobe ka koma ajinka. Hausawan da suka ce waiwaye adon tafiya, ba a kan tabarma suka gano shi ba.

Ku kuma yaran nan da kuka baza kunnuwa kamar da ku ake, a rufe min kajin nan, a wanke ƙafa, kowa ya je ya kwanta.