Sulen da Ya Fito a Juye

Ƙanin mijinta ya riga ya ɗora hantsaki a kan sulen kafin ta riƙe masa hannu.

Sati uku ke nan da rasuwar mai gidan. Abin da ya bari mai daraja shi ne wannan allon tara tsabar kuɗi mai murfin gilashi, kowace shekara da tsabarta a gurbinta. Ya yi wasiyya a kai shi ɗakin karatu na gari, a rataye da sunansa. Gurbi ɗaya ne ya hana ruwa gudu: sulen da ke ciki gabansa a miƙe, bayansa a juye.

"Matar yaya, sakar min hannu, ba guduwa zan yi da shi ba. Masu tara tsaba sun ce cikakken jeri ba a sa masa mai aibu. Ga lafiyayye na shekarar, na samo."

"Kai da ko maɓallin rigarka ba ka iya jerawa."

Bai yi dariya ba. "Kin fi ni sani, wannan ne ya ci masa aiki. Shekara talatin ana nuna shi da baki. Yanzu kuma mu rataye abin kunyarsa a ƙarƙashin sunansa?"

Ta sani kuwa. A gidan buga kuɗi, mai inji ke ɗaura hatimin da ke buga zane a jikin sule, mai dubawa ya sa hannu kafin kaya su fita. Mijinta ne mai dubawa ranar da buhu guda na sulalla ya fita a juye. Da aka tsare shi ya faɗi wanda ya ɗaura hatimin, ya ce shi dai ya sa hannu, a tsaya a kansa. Aka sallame shi. Ya koma gyaran agogo a bakin titi, bai sake ta da zancen ba, ko a gida.

Ta shafa gefen sulen da babban yatsa. Idonta ya ciko.

"A nan ya sa shi, a nan zai zauna. Miƙo min katin bayanin da za a liƙa a jikin allon."

Ya miƙa yana ƙunƙuni. Ta karɓa ta rubuta: "Ba kuskuren mai allon ba ne. Ga mai injin da ta ɗaura hatimin." A ƙasa ta sa sunanta.