Feshin Ƙofar Ofis

Tun da aka kafa dokar feshi a ƙofar kowane ofis, ba wanda ya ƙara ɗaga murya a ciki. Feshin yana tare sinadarin da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙon fushi da shi.

Tsohuwa Tabawa ta zo ofishin koke-koke ne a kan rijiyar unguwarsu, wadda dattin wata masana'anta ya gurɓata har jikarta ta kwanta asibiti. Tun daga gida zuciyarta ke tafasa. Tana tsallake ƙofa ƙamshin lemun tsami ya bugi hancinta, sai komai ya lafa.

"Iya, me ke tafe da ke?" in ji ma'aikacin, yana murmushi.

"Ba komai, ɗana. Allah ya yi maka albarka," ta ji bakinta ya faɗa.

Sai da ta kai bakin titi fushin ya dawo, haɗe da kunya. Yarinya na kwance ana ƙara mata ruwa, ita kuwa ta zo tana rabon albarka.

Ta tsallaka inda iska ke kaɗawa, ta gyara ɗaurin zanenta.

"Kai mai murmushi, fito nan waje ka sake tambayata."

Ya leƙo ta taga, amma bai fito ba.